Wanzami da Dodon-Koɗi Mai Zago

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa tudu ya haƙa teku, ya halicci giwa ya halicci kiyashi, ya saukar da cuta a ƙofar bawa ya ajiye maganinta a bayan duniya. Ku matso, ku da kuka zo aski da ku da kuka zo shan inuwa. Ni ne Shekarau wanzami, ɗan Jatau wanzami, mutumin Tsamiyar Maƙera. Na taka ƙasashen da ba a taɓa kiran sunansu a kasuwarmu ba, na ƙetare koguna goma sha ɗaya, na dawo ban fi yadda na tafi wayo ba.

Shekara ashirin da bakwai muna tare da matata Tabawa kafin ciwon ya same ta. Mace ce mai surutu, Allah ya sani. In ta ɗauko labari tun ɗora tukunya, sai a kwashe tuwo ba ta kai tsakiyarsa ba, ni kuwa ba irin tsiyar da ban yi mata a kan haka ba. Wata Laraba tana wanke fuska ta ƙwalla ƙara ta faɗi. Wani abu ne ke sarar ta a kuncin dama, daga gindin kunne zuwa haɓa, kamar ana soka mata allurar da aka ciro daga wuta. Ya zo ya tafi, ya dawo, daga nan ya share wuri ya zauna. Tauna ta gagara, dariya ta gagara, magana ta gagara. Ko iska ce ta shafi kuncin sai ta yi ta birgima a ƙasa. Ta koma kurɓar kunu ta gefen hagu, kaɗan-kaɗan, gidana ya yi tsit.

Ni da ake kawo wa marasa lafiya daga garuruwa bakwai, na yi mata ƙaho, na yi mata tsaga, na cire mata haƙora biyu lafiyayyu a banza. Har yau in na tuna haƙoran nan sai in ji kunyar ɗaukar zabirata. Rubutu kuwa da saiwoyi, ba wanda ba ta sha ba.

Ana nan, ran nan ina yi wa wani tsohon falke aski, hankalina na gida, sai aska ta zame ta yanke shi a bayan kunne. Jini ya gangaro har wuyan riga, mutumin bai ko motsa ba.

Na ce, “Baba, ka gafarce ni, na yanke ka.”

Ya ce, “A ina?”

Na nuna masa jinin. Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, wannan gefen rabonsa da jin zafi shekara ashirin. Da can kuwa shi ya hana ni ci, ya hana ni barci, har na nemi rijiyar da zan faɗa.”

Na ajiye aska na durƙusa a gabansa. Ya gaya mini cewa can bayan Kogin Garanza, bayan Rairayin Kira, akwai teku, a cikin tekun akwai tsibiri mai suna Sanamba. A gacin tsibirin akwai wani ɗan dodon-koɗi da bai kai ƙwallon dabino ba, mafarauci ne, yana da zago a bakinsa irin wanda masunta ke sukar kifi da shi. Harbinsa na farko kisa ne. Na biyu, in dafin ya ragu, yana kashe zafi a inda ya taɓa har ƙarshen rai.

Na ce, “A ina ake sayar da garinsa?”

Ya ce, “Ba gari, ba jiƙo, ba hayaƙi. Sai mai rai. Ko ka kai ta can, ko ka kawo shi nan.”

Matar da iskar ƙofar ɗaki ke kayarwa, ina ita ina tafiyar sahara? Na ɗinke takalmana, na kira ƙanwarta Dela ta zo ta zauna da ita. Tabawa ban gaya mata komai ba face za ni ɗebo magani a teku. Ta riƙe gefen rigata ta daɗe ba ta saki ba. Dela ta ce, “Yaya, yaushe za mu sa ido?” Na ce wata shida. Da wannan bakin na faɗa, ban ko ce in Allah ya so ba.

Kwana arba'in na yi kafin in kai Kogin Garanza, wanda in ka tsaya a gaɓarsa ba ka hango ɗaya gaɓar. Masu fiton wurin ba sa karɓar kuɗi, ko wuri ɗaya. Sana'ar mutum suke karɓa. Duk baƙon da ya iso sai ya zauna yana yi musu aikin hannunsa har ranar da wani mai irin sana'arsa zai zo ya canje shi. Na tarar da wani maƙeri a bakin zugazugi, shekararsa goma sha tara yana jiran maƙeri. Da ya ji ni wanzami ne sai ya girgiza kai, ya ce tun da yake zaune a wurin bai ga wanzami ya biyo ta nan ba. Ban buƙaci ya rantse ba, gemun mutanen garin har cibiya.

Wata biyu ina aske kawunan da ba su taɓa ganin aska ba, zuciyata kuwa na tafasa. Sai na lura Sarkin Fito ba ya miƙewa sai an kama shi, bayansa ya riƙe. Na ce ina da magani. Na kwantar da shi, na kafa masa ƙaho bakwai daga kafaɗa zuwa ƙugu, na zuƙe, na toshe. Da ya ji sun kama fata sun ja, sai idonsa ya raina fata.

Na ce, “Ranka ya daɗe, mugun jinin wannan gaɓa ba ya yarda ya fita sai a waccan gaɓa. In an cire ƙahonin nan a nan, ko wani hannu ya taɓa su ba nawa ba, jinin jikinka kaf zai biyo baya.”

Ƙarya ce tsagwaronta, ko jaririn goye zai iya fizge su. Amma nan da nan aka turo babban jirgi, matuƙa arba'in, sarki a kife yana ta salati. A ɗaya gaɓar na ɓalle ƙahonin, na juye musu guda-gudan jini a kan ganye. Suna can sun yi cincirindo suna kallon ciwon sarkinsu, na rataya zabirata na shige ciyawa. Maƙerin nan yana tsaye a gaci lokacin da jirginmu ya tashi, bai ɗaga mini hannu ba.

Daga nan na bi wani ayari muka shiga Rairayin Kira. Madugu ya raba mana auduga, ya ce kowa ya toshe kunnensa da zarar rana ta take, domin yashin wurin yana magana da muryar wanda mutum ya baro gida, wanda ya bi muryar kuwa ba a sake ganinsa. Kwana uku na bi doka. A na huɗu na zare audugar da gangan. Kada ku tambaye ni dalili. Shekara biyu ke nan ban ji muryar matata ba.

Sai ga ta, tar, daga bayan wani tudun yashi, har da 'yar dariyar nan tata: “Shekarau! Shekarau, na warke! Juyo mana, ga tuwo na hucewa.”

Na saki akalar raƙumi, na yi taki goma. A na sha ɗaya na tsaya. Tabawa ba ta taɓa kiran sunana ba tun ranar da aka kawo ta. Maigida take cewa. Ko shekara za ta ƙirga, sai ta kauce ta ce damina. Na komo na ɗaure ƙafata da igiyar raƙumi, amma ban mayar da audugar ba. Haka na yi ta tafiya har la'asar ina sauraron ƙaryar yashi ina kuka. Mu goma sha ɗaya muka shiga, mu tara muka fita.

Ranar da na fara ganin teku na yi tsammanin sama ce ta faɗo. Na ruga na cika tafi na kurɓa, na tofar. Gishiri! Na ce Allah sarki, ruwa har iyakar ganin ido amma ba na jiƙa maƙogwaro. Tausayin mutanen wurin ya kama ni, da na kifayensu, da na duk abin da aka ƙaddara wa zama a cikin wannan ɗaci. A ganina haƙuri suke yi da shi don ba su da wani.

Masunta suka ƙetarar da ni Sanamba, suka kai ni wurin wata tsohuwa mai suna Nambe, wadda ita ke da iko da gacin dodon-koɗin. Da hannu muka fara magana, daga baya na tsinci harshensu. Abin da ta fara fahimtar da ni shi ne, teku ba ya janyewa daga wannan gaci sai kwana bakwai a shekara, ni kuwa na iso bayan ya komo da kwana tara. Na zauna a kan yashi na rasa ko hawaye. Shekara guda cur na yi a tsibirin nan ina aski, ina cire beli, ina ƙirga wata, kowace safiya kuwa na san abin da ake sha a ɗakin Tabawa.

Da lokaci ya yi, muka wayi gari teku ya ja da baya tafiyar rabin yini. Nambe ta ɗaura mini takalman katako, ta ba ni ludayi mai dogon mariƙi, ta ce ko da wasa kada in sa hannu. Ba dodon ake nema ba, domin a binne yake. Wani ɗan jan zare ake nema, wanda yake ɗagowa daga yashi a cikin kwatamin ruwa yana kaɗa shi kamar tana. Kwana biyar ina sunkuye har bayana ya ƙage, ban ga komai ba sai ƙaguwa. A na shida na ga zaren. Ina kallo wani ɗan kifi ya zo shinshina shi, sai kifin ya sandare wuri guda, ko wutsiya bai kaɗa ba. Yashi ya buɗe, ɗan abin ya fito a hankali, fari mai zane-zanen ja irin na bayan ƙwarya, ya buɗe baki ya fi jikinsa faɗi, ya zura kifin ciki. Duk wahalar nan da na sha, a kan abin da zan iya rufewa da ɗan yatsa ne.

Na kwashe shi da ludayi na kai wa Nambe. Al'adarsu, mutum ɗaya dodo ɗaya, har abada. Bayan kwana uku Nambe ta miƙa masa kifi ya harba, sannan ta kama babban yatsana na hagu ta kai masa. Na ji ɗan suka kamar na ƙaya, shi ke nan. Ga yatsan nan, ku soka masa tsinke in kuna so.

Ta sa shi a ɗan tulu da yashi a ƙasa, ta cika salka huɗu da ruwan teku, ta ce, “Baƙo, ka ji da kyau. Kada rana ta gan shi. Kada ka jijjiga shi. Kowane kwana bakwai ka rage ruwan ka ƙara sabo. Wannan zai kai ka gida.”

Na ce, “Na ji, Inna.” Na ɗauki ruwan nan a matsayin guzuri, abin da matafiyi ke maleji da shi kafin ya kai inda abinci yake. Ita ba ta ƙara komai ba. Wanda aka haifa a bakin teku, me zai sa ya zaci akwai mai buƙatar ƙarin bayani?

Na sayi jaki na ɗora masa salkunan, na zaga ta doguwar hanya don in kauce wa yashin nan da masu fito. Wata bakwai tulun na bisa kaina a kan gammo, na kife masa malfata ni rana na dukana. Ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har wuyana ya daina juyawa. Duk rafin da na tarar sai in kama masa ɗan kifi. Sunan da Nambe ke kirana da shi na mayar masa, ina ce masa Baƙo. In na sauka hutawa sai in buɗe tulun in ba shi labarin Tabawa, yana ɗago ɗan jan zarensa. 'Yan fashi sun tare ni sau ɗaya, suka leƙa tulun, suka dube ni, suka bar mini hanya suna cewa Allah ya ba ni lafiya.

Shekara biyu da wata huɗu da fitata, da hantsi, na hango giginyun Rijiyar Maraba, tafiyar sa'a biyu daga garinmu. Kun san ta, kun san ruwanta, babu mai daɗinsa a ƙasar nan. Kun kuma san al'adarmu: duk wanda ya ɗauko baƙo, amarya ce, suruki ne, ko doki ne sabon saye, sai ya tsaya a nan ya shayar da shi, don kada ya shiga gari da ƙishin hanya.

Matan da ke ɗiban ruwa suka gane ni. Wata ta saki guga ta ce, “La ilaha illallahu! Baba Shekarau, kai ne? Ai har an fara cewa a yi maka sadaka!”

Na ce, “Tabawa fa?”

Ta ce, “Tana nan da ranta. Jiki dai sai addu'a.”

Ban taɓa jin farin ciki irin na wannan sa'a ba, ban kuma sake ji ba. Biyu daga cikin matan suka ajiye tulunansu suka ruga gari kai albishir. Ni kuwa na sauke nawa tulun a inuwa, na buɗe, na ce, “Baƙo, wahalarka ta ƙare. Tun da aka halicce ka kake shan ɗaci. Yau ka zo ƙasar mutane.”

Na kwashe shi da ludayi, na tuntsurar da ruwan tulun a yashi. Saura rabin salka, ita ma na kwance bakinta na zubar, na ce jakina ya huta. Na wanke tulun sau uku don kada ɗanɗanon gishiri ya saura. Na jawo guga da hannuna, na cika shi da ruwa mai sanyi, garau, na saka baƙona a ciki da bisimilla. Nan take ya fito da jikinsa duka waje, ya miƙe, yana murɗawa. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Na ce wa matan, “Ku zo ku ga murna!” Na rufe shi na tafi na yi alwala na yi azahar, har da doguwar addu'ar godiya.

Da na komo na ɗaga murfin, ya kumbura ya yi fari fat, jan zaren ya kwanta a kan yashi. Na taɓa shi da ludayi. Na taɓa shi da tsinke. A ƙarshe na sa yatsana na dama, mai jin zafi, ina roƙon Allah ya harbe ni ko da harbin farko ne.

A lokacin na gane, gaba ɗaya, ba wanda ya gaya mini. Na faɗa kan wurin da na zubar da ruwan ina tonon yashi da farce, ƙasa ta riga ta shanye. Na matse salkunan, ɗigo uku suka fito. Na yi ta ihu ina cewa gishiri, wa ke da gishiri. Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ba ni ɗan ƙulli, na zuba, na motsa, na jira har inuwa ta yi tsawo. Na binne shi a gindin giginya, na sake cika tulun don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Na dubi gabas, hanyar da na fito. Ko da gwiwoyina za su kai ni, Nambe ba za ta ba ni na biyu ba. Na dubi yamma, ga ƙurar mutanen gari sun fito tarye na.

Da guɗa aka shigar da ni gidana. Dela na rawa tana kuka. Tabawa na zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, an naɗe mata fuska da mayafi, ta rame har na ga ƙasusuwan hannunta biyu a rarrabe. Na durƙusa a gabanta da tulun. Na buɗe baki in faɗi abin da na aikata, harshena ya ƙi tashi.

Ta dube ni, ta dubi wuyana da ya karkace, ta dubi ƙafafuna. Sannan ta miƙo hannu ta karɓi tulun, ta zame mayafin, ta kafa bakinsa ta gefen hagu. Ta daɗe tana sha. Da ta sauke, ta yi abin da ba ta yi ba shekara huɗu. Ta yi magana.

Ta ce, “Sannu da hanya, Maigida. Ya yi sauƙi.”

Ɗakin ya kaure da kabbara. Ni kuwa wanzami ne, aikina kallon fuska. Na ga jijiyar kuncinta na harbawa, na ga farcenta ya nutse cikin tabarma har kaba ta tsinke. Ruwan rijiyar nan ta sha shi ranar da aka kawo ta, ta sha shi a kowace tafiya tun daga nan, ba yadda za a yi ta kasa gane shi. Na ce, “Alhamdu lillahi.”

Damina uku ta ƙara a duniya. Kowace safiya in na shiga gaishe ta sai ta tattara ƙarfinta ta ce, “Da sauƙi, Maigida,” kowace kalma kuwa da sarar da take biyo ta. In na fita tsakar gida ina jin ta tana cizon mayafi. Sau dubu na yi niyyar in ce mata ta bari, na san komai, ruwan rijiya ne na kawo. Ban faɗa ba har aka ɗauke ta. Da na faɗa, da aƙalla ta huta da maganar nan ta kowace safiya.